Ranar da Ƙofar Gonar Gilashi ta Ƙi Buɗe Mini

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Laraba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta. Ranar ce manoman rani cike da ɗaki a Kura suka zuba mini ido ta talabijin, mahaifina yana zaune a bencin gaba, ni kuma ina wata ƙasa ina kokawa da ƙofa.

Ni ɗan manomin tumatir ne. Gonar Baba tana bakin kanal, wato magudanar ruwan noman rani, tsakanin Kadawa da hanyar Bunkure, a nan na tashi ina buɗe ruwa ina toshewa, ina dakon kwanduna zuwa bakin titi. Na yi karatun aikin gona, Allah ya ba ni gurbin ƙaro karatu a Kanada, da na gama aka ɗauke ni aiki a wata gonar gilashi, irin wadda ake rufe shuka a cikin gini saboda sanyi. Abin da muke nomawa kuwa, tumatir. (Na ƙetare teku don in rabu da shi, na tarar ya riga ni isa.) A gida ba wanda ya ga abin dariya a ciki. Baba ma ya daina kiran sunana, sai Injiniya, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi a majalisa sai ya ga hotona da rigar aiki.

Na shigar da takardun neman zama na dindindin, aka ce in jira. Ina cikin jiran ne takardar izinin aikina ta kusa ƙarewa, sai na nemi a sabunta. A nan na tafka shirme: akwai shafi guda da ban sa hannu ba. Sai da tsohuwar ta riga ta mutu sannan aka dawo mini da komai. Na gyara na sake turawa, amma doka ta ce ba ni ba aiki sai sabuwa ta fito, kuma in na fita daga ƙasar neman ya lalace. Shugabar wurin aikinmu ta kira ni ofis, ta ba ni haƙuri, ta ce gurbina yana nan, amma in zauna a gida tukuna.

Na ɗauka mako uku ne ko huɗu. Wata ɗaya ya wuce, na biyu ya bi shi. Kullum da asuba, kafin in yi alwala, sai na buɗe shafin hukumar shige da fice a waya, in tarar da layin nan guda ɗaya mai cewa ana kan dubawa. Na saki ɗakina na koma ɗakin ƙasa a gidan wani abokina ɗan Zariya. Don kada in haukace, na ɗora wa kaina sharar masallacin unguwarmu, ina dafa wa masu gidan abinci, ina tafiyar ƙasa mai nisa ba tare da inda za ni ba. Na koyi tuƙa tuwo a lokacin, wanda shi kaɗai ne cigaban da na samu.

Abu ɗaya ne ban yi ba: ban faɗa wa kowa a gida ba. Duk Juma'a, idan sun sauko daga masallaci, Yaya Nasiru yakan kira ni ta bidiyo ya miƙa wa Baba wayar. Ni kuma tun kafin lokacin na sa rigar aiki, na rataya katina na shiga wurin aiki a wuya, na tsaya jikin farin bango, in ce na ɗan fito shan iska ne. Baba ba ya da cikakkiyar lafiya, ƙafafunsa suna kumbura, sai na gaya wa kaina don shi nake ɓoyewa. Gaskiyar ita ce, sunan Injiniya ne ba na so ya faɗi.

A wata na shida tsutsar nan da manoma suke kira sharon ta afka wa tumatir a yankinmu na Kura. Gonaki suka ƙone kamar an bi su da wuta. Ƙungiyar manoman su Baba ta yi zama, Baba ya miƙe ya ce yana da ɗa a Turai da yake noma tumatir ba tsutsa, zai sa ya zagaya da su gonar ta waya su gani da idonsu. Yaya Nasiru ya kira ya faɗa mini har an ari gidan kallon ƙwallo saboda babbar talabijin, ranar Laraba bayan la'asar.

Nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Maimakon haka na ce ba damuwa.

Lissafina shi ne, katina yana hannuna, ma'aikatan sun san ni, zan shiga in yi minti goma in fito. (Mutumin da ya kasa sa hannu a shafi ɗaya shi ne yake wannan lissafin.) Na hau bas da hantsi, dusar ƙanƙara tana zuba, na isa bakin ginin daidai lokacin da kiran ya shigo. Na ɗauka, na ga mutane jere a kan benci, wasu da laka a ƙafa, sun taso daga gona. Baba yana gaba da farar rigarsa ta Juma'a. Kusa da shi Malam Habibu ne, wanda ya koya mana Turanci a sakandare, ya yi ritaya ya koma noman albasa.

Na gaishe su, na juya musu wayar suka ga ginin, aka yi ta tasbihi. Sai na kara katin a jikin ƙofa. Jar wuta ta kama. Na goge shi a rigata na sake karawa, jar wuta. Na yi dariya na ce sanyi ne yake sa na'urar haka. Karo na huɗu sai ga mai gadin ta fito, wata dattijuwa da muke mutunci sosai. Ta yi murnar ganina, ta kira sunana da ƙarfi, ta tambaya ko takardar ta fito ne. Ta dubi katin da nake riƙe da shi. Sai ta dafa hannuna cikin tausayi, ta ce wata shida ba aiki ba ƙaramin abu ba ne, duk suna tausaya mini, amma ba za ta iya buɗe mini ba, katin ma an kashe shi tun ranar da aka dakatar da ni. A hankali take magana, kalma kalma, yadda ko ɗan aji ɗaya zai gane.

Ban kashe wayar ba. Har yau ban san dalili ba, hannuna ne ya ƙi. Na ji Baba yana cewa, "Malam, me matar take cewa?"

Malam Habibu ya yi gyaran murya, ya ce kamar dai yau ba ranar shiga ba ce. Allah ya saka masa, ya yi ƙoƙari. Amma ba shi kaɗai yake jin Turanci a ɗakin ba, kuma na ga yadda ake sunkuyawa ana raɗa daga benci zuwa benci, har maganar ta iso gaba. Baba ya saurara, ya gyaɗa kai, ya dubi talabijin ɗin. Sannan ya juya ga jama'a ya ce, "To, kun dai ga ginin. Injiniya, faɗa mana maganin tsutsar daga nan inda kake."

Haka na tsaya a waje cikin sanyi, na yi musu bayanin tarko da sauya shuka da ƙone ragowar gona. Ban san abin da na faɗa ba. Ana gamawa na zauna a tashar bas na yi kukan da rabona da irinsa tun ina firamare.

Washegari Baba ya sa aka kira ni, ya ce kowa ya ba shi wuri. Na shirya jin faɗa. Tambayarsa ta farko ita ce ko ina samun abinci, ta biyu ko ɗakin da nake akwai ɗumi. Na ba shi labarin komai, har da shafin da ban sa hannu ba, ya yi 'yar dariya. Sai ya ce, "Rashin aikin bai dame ni ba, mu ma nan gonar ta ƙone. Abin da ya dame ni, wata shida kana sa mini riga kamar ni baƙo ne. Da ka faɗa, ai da na san addu'ar da zan yi maka."

Daga ranar muka shiga wata irin hira da ba mu taɓa yi ba. Kusan kullum sai mun yi magana, ni da singileti, shi a kishingiɗe a zaure. Yakan tambaya, "Sun duba?" in ce ba su duba ba, ya ce su ma wataƙila ruwa bai iso layinsu ba. Ya ba ni labarin shekarar da aka rufe kanal don gyara, ya yi rani guda yana dako a kasuwa bai faɗa wa Kaka ba. Wata biyu muka samu a haka.

Ya rasu farkon damina. Ban je ba, domin fita na nufin rushe komai, kuma tun kafin ya kwanta ya sa na yi masa alkawarin ba zan fito ba. Ta wayar Yaya Nasiru na ga an ɗauke shi. Takardar izinin ta fito bayan sadakar arba'in da 'yan kwanaki, ta zaman dindindin ta biyo baya. Na buɗe saƙon, na karanta, na rasa wanda zan fara kira.

Bara na je gida. Na bi ta gonaki ina gaisuwa, wani tsoho daga cikin 'yan ƙungiyar ya riƙe hannuna ya yi mini ta'aziyya, ya ce tarkon nan da na faɗa ya yi musu amfani, sannan ya tambaya da gaske, ba da zolaya ba, ko yanzu ana barina in shiga. Na ce ana bari.

Abin da na koya bai da yawa. Idan kunya ta zama dole, gara ka ji ta da wuri, a gaban mutum ɗaya mai ƙaunarka. In ka ajiye ta, ba raguwa take ba, sai dai ta ari talabijin ta gayyato jama'a.