Gaisuwar Suruki a Tsakiyar Tsere

Da abokaina suka shirya gasar nan mai hawa uku, iyo da tseren keke da gudu, na fi kowa cika baki. Suka ce, "Malam, ka riƙa atisayen sauka daga keke ka zarce da gudu, ƙafa kan yi yaji." Na ce ai ƙafar rago ce ke yin haka.

Iyo na fito lafiya, a keke kuwa na ba kowa tazara. Daidai Ƙofar Mata, inda za a ajiye keke a fara gudu, sai ga surukina zaune bakin karofi da abokansa. To, ɗan cikin garin Kano ba ya gaida suruki a tsaye. Na cire takalmi na durƙusa.

Ya sa mini albarka, ya ce, "Tashi ka je, kada a wuce ka."

Na yunƙura, cinyoyina suka ce ba su san zancen ba, jijiya ta ɗaure tamau. Don gudun kunya sai na sabunta gaisuwa: ya gida, ya kasuwa, ya jikin Hajiya. Abokaina suka yi ta wucewa, har da mai tumbin cikinmu. Baba ya dubi abokansa ya ce, "Kun ga tarbiyya ko?"

Masu rini biyu ne suka ciccibe ni, suka bar mini shuni a hammata.

Har yau in na isa majalisa sai a ce, "A shimfiɗa wa Mai Ladabi tabarma, amma a fara nemo masu ɗaga shi."