Injiniya da Rumbun Bayanan Ofis

"Ni fa kwamfuta tsorona take ji! Ko a kashe take, in na yi gyaran murya sai ta kunna kanta."

Injiniya ke nan, ƙanin matar Manaja. Kada sunan ya ruɗe ka, ɗan'uwa, shi ya raɗa wa kansa tun ranar da ya canza wa rimot batir.

Ofishin jigilar kaya ne, kwamfuta huɗu kacal, kowa yana ajiye sunayen kaya a tasa. Manaja ya gaji da neman kwali ɗaya a wuri huɗu, ya ce rumbun bayanai guda yake so wanda kowa zai shiga ta netwok, kuma duk wanda ya tsara shi, shi ne shugaban sashen kwamfuta. Shugaba! Kan Injiniya ya kumbura har hula ta matse shi.

Sakatariya ta ce, "Yallaɓai, ɗan ƙarami ya ishe mu. A ɗora shi a kwamfutar tebur, tunda ba ta zuwa ko'ina."

"Anti, tsaya a buga wasiƙa," in ji sarkin cika baki. "Irin na filin jirgin sama zan kawo. Kuma a laftof ɗina zai zauna, ban yarda da kwamfutar kowa ba."

Ranar Litinin abu ya yi aiki har azahar. Gwanin naka ya rufe laftof, ya saɓa a kafaɗa, ya tafi cin abinci. Nan take ofis ya mutu murus. Direbobi shida suka cika ƙofa, babu wanda ya san kwalin da zai ɗauka. Da ya dawo yana sakace haƙori ya buɗe ta, komai ya farfaɗo.

"Kun gani? Ni take jira!"

"To ka bar ta a buɗe," in ji Manaja.

Ya bari. Minti biyar ba a taɓa ta ba, laftof ta yi barci, rumbu ya bi ta. Injiniya ya danna nan, ya danna can, gumi yana ɗiga a kan madannai. Wallahi bai san inda ake hana ta barci ba.

Sakatariya ta matso a hankali. "In nuna maka?"

"Ki nuna wa wa? Matakin tsaro ne, da gangan na sa!"

Manaja ya jinjina kai. "Tunda tsaro ne, kada kowa ya taɓa. Sai ka zauna ka riƙa motsa linzamin kwamfutar."

Kwana uku bawan Allah yana zaune yana jijjiga linzami kamar mai rarrashin jariri. Da ya ɗan yi hamma sai ka ji ofis ya ɗauka baki ɗaya: "Injiniya, motsa!" Rana ta huɗu shayin safe ya nemi hanyar fita. Ya matse, ya lanƙwashe, ya karanto duk addu'ar da ya sani. Daga ƙarshe ya kwasa da gudu sai bayi.

Can ya ɗaga kai, minti goma sha biyar sun wuce! Ya fito yana ɗaure wando, yana jiran ihu. Shiru. Kowa yana aikinsa lafiya lau.

Ashe Inna mai shara ce ta tausaya masa, ta ɗaure linzamin da zare a jikin fankar tebur mai waige-waige. Fanka ta juya dama, linzami ya bi, ta juya hagu, ya dawo. Manaja yana tsaye a kan fankar, fuska cike da sha'awa.

"Alhamdu lillahi, mun sami shugabar sashen kwamfuta. Ba ta zuwa bayi, ba ta surutu."

Injiniya ya matso kusa. "To ni fa, Yaya?"

"Kai ne mataimakinta. In ta yi zafi, sai ka karɓe ta ta huta."