Ranar Da Na Soye Darasi a Kogin Nilu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kai mu yawon karatu a kan faluka ba, wato jirgin ruwan nan mai ƙaton ƙyalle da iska ke turawa. Daga unguwar Ma'adi muka tashi, ni kuwa murna kamar ranar Sallah. Malamarmu, Duktura Hala, ta ce wanda ya fi nuna himma da shi za a yi tafiyar Bahar Maliya. Nan take na sa a raina kujerar nan tawa ce.

Iska ta ɗebe mu, Duktura na gaban jirgi tana ba da tarihin yadda mutanen Fir'auna suke zana kifi a bangon kaburbura. Ni kuma ina ta raba ido, ina neman inda zan nuna himma. Can baya na hango bokiti, karfasa manya-manya na ta iyo a ciki, ga kuma ɗan murhun da ake dafa shayi. Na ce Allah sarki, abincin rana ne aka rasa mai gyarawa! (Ni da ba na fita ko masallaci sai da ƙullin yajin da Inna ta aiko mini.)

Na naɗe hannun riga, na kankare, na feɗe, na soya, na barbaɗe su da yaji. Ƙamshi ya cika jirgi, ina jin kaina a sama.

Sai na ji Duktura ta ce, "Yalla, maza a kawo bokitin nan mu ga yadda kifi ke numfashi, sannan mu mayar da su ruwa."

Na taho da faranti.

Abokina Ibro, ɗan Damagaram, ya dafe kai ya ce, "Wayyo, mutumina, ka soye mana darasi!" Dariya ta ɓarke. Kunya ta rufe ni, na dubi Nilu na ji kamar in faɗa.

Duktura ta daɗe tana kallon farantin, ta gutsira, yaji ya sa ta hawaye. Ta ce, "Ma'alish, ba komai. Himma kam akwai ta."

Da ni aka je Bahar Maliya, amma sai da Ibro ya caje jakata a gaban kowa, ya ƙwace wuƙa da yaji. Tun daga ranar, ko a kasuwa na ga kifi a bokiti, sai na tambaya ko yana da aji yau.