Ƙwan da na tono a fako

Ba zan taɓa mantawa da Larabar nan ba, kuma ko na so in manta, waɗanda sunka shaida suna nan da ransu. Akwai ɗana na fari, wanda bakina ba ya kiran sunanshi, sai ku ce mishi Baban Rabi kamar yadda kowa ke cewa. Akwai Rabi ɗin, jikata, tana leƙe daga ƙofar ɗaki. Akwai Sa'adu mai neman aurenta, da kawunshi Alhaji Sahabi, wanda ya goyo bisa moto tun daga Allakaye da ƙullin goron sa rana. Akwai Liman. Sai ni, da abin da na ƙulle a tsumma na ɓoye ƙarƙashin zane.

In kunka tambaya a garinmu, nan kusa da Keita, za a gaya muku ni mace ce mai ido. Ban taɓa taka ƙofar lakwal ba, wato makarantar boko, amma zamanin aikin furoje, muna jidar duwatsu ana tare ruwa bisa tudu, ni anka ɗora a kan matan unguwarmu, don tun daga nesa nakan gane wadda ta ɗauko ƙaramin dutse tana nishin babba. Shi ya sa da maganar Rabi ta taso, ubanta ya ce ba a sa rana sai Inna ta ce to.

Na kira Sa'adu na tambaye shi sana'arshi. Ya durƙusa ya ce a Abijan yake, yana ɗaukar wa masu hali jakar sanduna a filin wasan golf. Na ce ya sake faɗi. Ya ce manyan mutane ne, wasu har da furfura, sukan bugi wata 'yar ƙwallo da sanda, su bi ta da ƙafa, su sake bugu, har ta faɗa rami. Filin kuwa ciyawa ce shar, rani da damina, kullum ana ba ta ruwa.

"Dabbobin wa ke cinta?"

"Ba dabbar da ke shiga, Kaka."

A nan na gama da shi. Ciyawa shar a tsakiyar rani, ba akuya ba tunkiya, kuma a biya ƙato lada don ya bi dattijo da jaka. Ko ƙarya za a yi, a yi ta da kan gado mana. Abin da ya fi tada mini hankali, Baban Rabi ya ce gaskiya ne, shi ma shekarun da ya yi a Abijan irin ciyawar yake ba ruwa. (Ni ko duk lokacin da yake ce mini aikin garka yake yi, albasa nake zato.) Sannan na lura da wani abu. Suruki da suruki, waɗanda ya kamata in ɗaya ya hango ɗaya ya sake hanya, sai ga su kai a haɗe bisa salula guda suna dariya. Ɗan nan nawa ko ƙannenshi ba su san launin haƙoranshi ba. Na ce a raina, an ba shi wani abu ya ci.

Kwana uku kafin zuwan baƙin, ina dawowa daga kasuwa, na biyo ta fakon da ke bayan dangarmu, hanyar da Rabi ke bi zuwa rijiya. Sai na ga an share wuri tas. A tsakiya an gina ɗan rami, an nitsa gwangwanin tumatir har baki, daidai da ƙasa. Cikin gwangwanin ga wani abu fari kamar ƙwan zabo, jikinshi duk zanzana, da baƙin rubutu a gefe. Kewaye kuma sawun kambas mai zanen ƙashin kifi, irin wanda na gani a ƙafar Sa'adu.

Ku faɗa mini tsakaninku da Allah, wace tsohuwa ce za ta ga ƙwai mai rubutu binne a hanyar jikarta ta ce wasa ne?

Ban taɓa shi da hannu ba, kara biyu na sa na ɗauko. Na jira gida ya yi shiru da rana, na jefa shi turmi, na yi bisimilla na sauke taɓarya. Ƙwan ya yi tsalle ya fi ni tsawo, ya bugi bakin rumbu, ya dawo ya sami kazata a gadon baya. Bai ko tsage ba. Na tura shi cikin garwashi, ya yi wani wari irin na tayar moto, gefe ɗaya ya yi baƙi, amma yana nan. Daga nan na yi mishi abu na ƙarshe da tsofaffi sunka koya mana ana yi wa sammu don ya karye. (Wadda ta sani ta sani. Ruwa ne, amma ba na rijiya ba.) Na mayar da shi gwangwaninshi na ƙulle, ban gaya wa kowa ba. So nake in kwance shi gaban Liman, yadda ba mai cewa tsufa ne ke damuna.

Ranar Laraba baƙi sunka iso da azahar. Anka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin runfa, anka sha fura. Alhaji ya ce a bari gumi ya bushe kafin a shiga abin da ya kawo su. Ni ina bayan zana a zaune, kunne a buɗe. Sai Baban Rabi ya zaro salula.

"Alhaji, yau kai za ka raba ni da ɗanka. Dubi mutumen ga. Duk duniya yanzu babu mai bugu awa shi."

Wani Bature ne, gwanin gwanayen wasan nasu. Sunanshi ya ƙi zama a bakina, Dogo nake ce mishi.

"In ya tsaya nan ya yi bugu guda," in ji Baban Rabi, "sai bakin tabki za ka tsinto ta. Kuma ba ta karkata. Ko iska na kaɗawa, ƙasa-ƙasa yake aika ta, ta huda iskar ta wuce."

"Baba, wajen nisa ban musa ba," in ji Sa'adu. Kanshi a sunkuye yake, amma bakin bai sunkuya ba. "Sai dai nisa ba shi ne ci ba. Wanda ya kawo ta kusa da bugu ɗaya, sannan ya yi uku kafin ta shiga, da wanda ya kawo ta da biyu ya zura da ɗaya, wa ya ci?"

Liman ya ƙirga da yatsu. "Na biyun, in ƙarancin bugu ake biɗa."

"To, Allah gafarta Malam, a nan Dogo ke zubar da abin da ya tara."

"In ta faɗa cikin yashi fa?" Baban Rabi ya gyara zama. "Ka taɓa ganin mai fiddo ta awa shi? Kowa sai ya yi haƙa kamar mai neman ruwa a ƙorama, shi ko ɗan ɗagawa zai yi, ta tashi ta kwanta bakin rami."

"Yashi kam na ba shi. Amma in ya kuskure rami ɗaya, fushin sai ya raka shi rami uku. Mu masu ɗaukar jaka, daga tafiyar mutum muke gane ya ɓaci."

"Irin ɗan kokowar nan ke nan mai ƙirji ba haƙuri," in ji Alhaji. "In bai kada ka a karon farko ba, jira, shi zai kada kanshi."

"Kofunan da ya ɗauka fa, Alhaji? A kasuwa ya saye su?" in ji Baban Rabi.

"In ya tsere tun ranar farko ta gasa, ba mai kamo shi, Baba," in ji Sa'adu. "Amma ranar ƙarshe, in shina jin numfashin wani a ƙeya, dubi hannunshi ka gani."

Ni ko ina bayan zana ina tara hujja. Yaro ya san rami har haka. Yaro ba ya ganin alherin mutum sai aibinshi. Yaro na musu da surukinshi, surukin na washe baki kamar an ba shi kujerar Makka.

Liman ya ce shi abin da bai gane ba, mi ke sa ƙato kamar wannan ya kasa zura abu a rami daga taki biyu.

"Yawan dubawa, Malam," in ji Sa'adu. "Sai ya tsuguna ya dubi ƙasar ta gaba, ya zagaya ya dube ta ta baya, ya rufe ido ɗaya ya sake dubawa. Wurin a miƙe yake sarai, amma shi sai ya dube shi har ya gano gangaren da babu. Sai ya buga wa gangaren, ƙwallo ta wuce rami tana kallonshi."

Duk sunka yi dariya. Da ina da rabo, da a nan na tsaya na yi wa kaina nasiha. Ni ko sai na ga lokacina ya yi. Na miƙe, na gyara ɗaurin zane, na fito.

"Tunda maganar rami ake yi, ga wani ramin a raba muna."

Na kwance tsumma na kifar da gwangwanin tsakiyar tabarma. Abin ya gangara ya tsaya daidai gwiwar Liman.

"Malam, karanta muna. Alhaji, tambayi ɗanka mi ya binne a hanyar jikata. Gidan ga ba a shigo muna ta ƙarƙashin ƙasa. In auren ba ya yiwuwa sai da ƙwai, ku koma Allakaye da goronku."

Liman ya sa hannunshi na dama ya ɗauka, ya juya, ya kai kusa da ido. Ya ce wannan boko ne, ba rubutunsu ba. Sa'adu ya leƙa, ya ce a hankali sunan masu ƙera ta ne. Baban Rabi kuwa ya rufe fuska da tafin hannu.

"Inna," in ji shi, "ni na gina ramin."

Na ce kada ya rufa wa kowa asiri.

"Ni na roƙe shi ya zo mini da sanda ɗaya da ƙwallo ɗaya. Shekara da shekaru ina ba ciyawar nan ruwa, ban taɓa bugawa ba ko sau guda, ba a barin irinmu. Ranar da kinka tahi kasuwa na fita ni kaɗai, don na san bakinki. Anka kira ni gona, na bar ta ciki. Kwana uku ina biɗarta."

"Sawun takalmin fa?"

Ya nuna bakin tabarma da haɓa. Kambas ne jere, ƙafa huɗu, iri guda. Manyan nashi ne, tsarabar Sa'adu. Kwana bakwai yana yawo da su a gabana, ni mai ido ban taɓa duban ƙafar ɗana ba.

Da abin ya tsaya nan, da na sha da sauƙi. Amma Liman bai ajiye ƙwallon ba. Na ga hancinshi ya motsa. Ya matso da ita, ya sake janyewa.

"Gwaggo, ƙunar na gani. Amma mi anka zuba wa abin ga?"

Na hau gyaran bakin zanena. Hancinshi ya ba shi amsa. Liman ya ajiye ta a hankali, ya ɗaga hannun nesa da rigarshi kamar ba nashi ba, ya ce a taimaka mishi da buta da sabulu. Mutumin da zai ja mu sallar la'asar ke nan.

Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini. Alhaji Sahabi ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya ɗauki ƙullin goronshi yadda ya zo da shi.

"Gwaggo, mu talakawa ne, amma tun kakanni ba a taɓa kiranmu masu binne-binne ba, balle gaban Liman. Sa'adu, tada moto."

Sa'adu ya durƙusa ya ce mini, "Kaka, mun tahi," sannan ya bi kawunshi. Wannan durƙuson ya fi zagi ciwo.

Da magariba Rabi ta kawo mini tuwo kamar kullum. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaure fuska ba. Ta ajiye kwano, ta ajiye ruwa, ta ce, "Kaka, da kin tambaye ni." Ta fita. Tuwon nan haka ya huce a rufe.

Abin da na koya da furfurata shi ne, ido in ya saba da kama laifi, ranar da ya rasa sai ya ƙera nashi. Ashe ni da Dogo ciwonmu guda, sai dai shi ana ba shi kofi. Kuma tambaya guda, da na yi wa ko kazar gidan, da ta tsirar da mu duka, har da bayanta.

Washegari ina idar da sallar asuba na tada mai tebur na sayi sabon goro, ko da yake a ƙasarmu ba dangin mace ke kai shi ba. Na hau kabu-kabu, ni da na sha zagin matan da ke hawa, na riƙe rigar mai moto da hannu biyu har Allakaye. Da hantsi na iso ƙofar Alhaji Sahabi. Na girme shi nesa ba kusa ba, amma na durƙusa a bakin zaurenshi, mutane na wucewa suna waiwaye.

"Alhaji, na kawo maka bakin da ya yi ɓarna. Ka yi mishi abin da ka ga dama, amma kada ka haɗa da yarinya."

Ya bar ni a durƙushe har gwiwoyina sunka fara magana. Sannan ya ce a kawo wa Gwaggo tabarma. Na ce su sa ranar da sunka so, ni na ce to. Ya karɓi ƙullin goron, ya jinjina shi a hannu, ya dube ni ta wutsiyar ido.

"Kin dai duba shi da kyau? Kada a kwance a ishe wani abu ciki."

Na ce ban duba ba, ni da dube-dube mun rabu. Ya yi dariya har da tari, ya sa rana bayan girbi.

(Sau biyu na tsayar da mai moto a hanya na kwance na duba.)