Dutsen Niƙan da Manya Suka Bar Mana

Jama'a, jiya na dawo daga gona na tarar da matata Asma'u tana niƙa tattasai a kan wani sabon dutse, fari fat, sumul kamar farantin tangaran. Na ce, "Ke, ina kika samo wannan?"

Ta ce, "Bakin rafi mana, Malam. Sati guda ke nan ina aiki da shi, sai yau ka gani?"

Wallahi nan take na gane dutsen.

Ga yadda aka yi. Shekara da shekaru wani kamfanin ma'adinai yana jibge mana dusar dutsensa a gefen ƙauye, can hanyar Roni. Ruwan sama ya wanko ta cikin rafi, awaki su sha su kumbura. Muka yi ta kuka har manyan gwamnati, Masu Girma Iyayen Tafiya, suka tausaya mana, Allah ya ƙara wa tumbinsu albarka. Suka kawo masana, aka kwaɓa dusar da sinadarai, ta daskare ta zama tubali mai tauri ba tare da an gasa ba. Babban masanin ya ce an kulle gubar a ciki, muddin ba a fasa ba, ba a goga ba, aka kuma binne tubalan a rami mai zurfi. Da Turanci ya faɗa. Muka tafa.

An kafa rumfa, an yanka ƙyalle, an ci shinkafa. Ramin ne dai har yau kwamiti ke nazarin inda za a haƙa shi, tubalan kuwa aka jibge su a fili a bakin rafi.

To, wa zai ga dutse mai kyau a yashe ya wuce? Maƙwabcina Daudu ya kafa murhu da guda uku. Halliru wanzami kuwa a kansa yake wasa aska.

Yau sai ga Yallaɓai Mai Sa Ido kan aikin a mota. Ya ga fili wayam, ya washe baki. "Madalla! Sai mu rubuta an kawar da shara gaba ɗaya."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ranka ya daɗe, sharar tana cikin miyarmu. 'Ya'yana biyar ita suke sha."

Ya ce, "Haba Malam, kimiyya ta tabbatar babu illa."

Na ce to bismilla. Na ja shi zaure, Asma'u ta kawo tuwo da miya tana tururi. Ya leƙa kwanon, ya ja da baya, ya ce ai azumi yake.

Allah ya karɓa, Yallaɓai. Sai dai a tofar da goron da ke baki.