Tafinta a Bikin Bulus da Grâce

Ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren abokina Bulus ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran abin da ke kaina.

Tare muka taso da Bulus a unguwar PK5 ta birnin Bangui, iyayenmu Hausawa ne Kiristoci daga wajen Maraɗi. Ya samu mata 'yar Bangui mai suna Grâce, mawaƙiya a wani ƙaramin coci a unguwar Miskine. Danginsa suka taho tun daga Maraɗi, Gwaggo Saratu yayar babansa ce ja-gaba, kuma babu mai jin Sango, yaren garin, ko Faransanci a cikinsu. Maƙwabtanmu Musulmi na Titin Koudoukou ma suka ce za su zo, har da Alhaji Ɗanjuma mai atamfa. Duk wanda ya san shekarun rikicin Musulmi da Kirista da mutum ba ya iya tsallakawa daga unguwarmu zuwa Miskine ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Aka ce ana neman tafinta. Kafin a rufe baki na ce ga ni. (Faransancina na kasuwa ne, na cinikin tayar babur. Zuwa coci kuwa, sai Kirsimeti da Ista.) Na ɗinka sabuwar shadda, na sha turare, na tsaya kusa da Fasto riƙe da makirufo kamar gadon gidanmu.

Da farko abin ya tafi sumul. Sai Fasto ya shiga wa'azi, na ji yana ta maimaita "la grâce, la grâce". Ni kuwa tun safe Grâce ɗaya na sani a duniya, ga ta can zaune cikin farar riga. Na ce a raina, yabon amarya ake yi, bari in ƙara masa gishiri.

"Jama'a," na ce da ƙarfi, "Fasto ya ce Grâce ba a sayenta, kyauta ake ba da ita!"

Gwaggo Saratu ta gyara zama. Na ji ta ce wa ta kusa da ita, "To kayan da muka sha wahalar kawowa fa?"

Fasto ya ci gaba, ni ma na bi shi. "Ya ce babu wanda ya cancanci Grâce. Ko shi ango bai cancanta ba!"

Bulus ya zaro mini ido. Na ɗaga masa babban yatsa. (Wai ni a dole ina burge shi.)

Sai Fasto ya buɗe hannuwa biyu, ya nuna har bakin ƙofa inda 'yan acaɓa ke leƙe. Ni ma na buɗe nawa hannun.

"Ya ce Grâce ta kowa ce! Mai kuɗi da talaka, ɗan Miskine da ɗan PK5, har ɓarawo in ya tuba. Duk mai so ya miƙo hannu ya karɓa yau ɗin nan!"

Alhaji Ɗanjuma ya cire hula ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa na girgiza. Gwaggo Saratu ta miƙe tsaye.

"Kai, ɗan nan! Amaryar tamu ce ta kowa? Tun daga Maraɗi muka zo a raba ta kamar goro? Ku tashi mu tafi!"

Matan Maraɗi suka fara tattara mayafai. Bulus ya matsa ya raɗa wa Fasto abin da nake ta faɗa, Fasto ya dafe kai ya ce, "Nzapa!" wato ya Allah. Amarya da ta ji, dariya ta kama ta har hawaye ya wanke mata kwalliya. Ni kuwa gumi ya jiƙa shaddar sharkaf, na ajiye makirufo a hankali na nufi ƙofar baya.

Fasto ya riƙo hannuna. Ya tambaye ni a hankali da Sango, "Da harshenku, me kuke kiran abin da Allah ke ba mutum ba don ya yi aikinsa ba?"

Sai kalmar ta faɗo mini da muryar marigayiya mahaifiyata, yadda take faɗinta in tana addu'a. Na ce, "Alheri."

"To, faɗa musu wannan," in ji shi. "Mutumin nan ya lalata mini wa'azi, ya kusa lalata aure. Kora ta dace da shi. Amma ga makirufo na mayar masa. Bai cancanta ba, an ba shi. Haka Allah ya yi mana cikin Yesu Almasihu, kuma bai ware kowa ba."

Da bakina na fassara hukuncina da afuwata. Na ce ceto alherin Allah ne, ba ladan aiki ba, kuma ƙofarsa a buɗe take ga kowa. Ban taɓa jin Hausa ta zauna mini a baki kamar lokacin ba.

Gwaggo Saratu ta saki jakarta. "Au, alheri! To ai wannan kam na kowa ne. Ka ce haka mana tun farko!" Ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa, mawaƙa suka ɗauka da ganga, coci ya kaure. Ta je ta rungume amarya suna rawa, babu mai jin yaren wata.

A wajen cin abinci Alhaji Ɗanjuma ya dafa ni ya ce, "Addininmu daban, amma yau na fahimci abin da kuke faɗa. Sai dai ka sani, ranar auren 'yata ba kai ne tafinta ba."

Har yau in na wuce Titin Koudoukou sai wani ya ƙwala, "Mai rabon amare, saura tawa!" Nakan amsa da fara'a, don wanda aka yafe wa a gaban jama'a ba ya da sauran abin ɓoyewa. Shawarata ɗaya ce ga duk mai sha'awar tafinta: kafin ka karɓi makirufo, ka tambayi sunan amarya.