Rasuwar Butar Shayin Tsoho Nie

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma aka hana ta kuka, ni Nie Fuquan, tsohon mai zanen tangaran a garin Jingdezhen, nake sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar butar shayina, wadda ta riga mu gidan gaskiya da safiyar sabuwar shekara.

Marigayiyar fara ce sol, da zanen kifaye biyu cikin ciyawar ruwa. Ni na zana su, lokacin da hannuna yake jin maganata. Duk abin da na zana a wancan zamani jiragen ruwa sun kwashe zuwa Shanghai, wani ma ban gama kallonsa ba. Ita kaɗai na hana. Shi ya sa in aka ce wa baƙo wai ni mai zane ne, ya dubi hannun nan da yake karkarwa ya yi murmushi, ba na musu. Ita nake tura masa. Ita ce shaidata, ba ni da wata.

Ta kasance mai haƙuri da rufin asiri. Ba ta taɓa ɗiga a tebur ba. In ka ƙyasta ta da farce sai ta ce tiiin, muryar ta daɗe ba ta sauka ba. A shekarun baya-bayan nan murfinta yakan yi ƙar-ƙar-ƙar a hannuna, amma ba ta taɓa kai ƙarata ba.

Ba ta yi jinya ba. Na ɗaga ta zan zuba wa baƙi shayi, hannun ya yi abin da ya saba, ta tafi ƙasa. Mu da muke wannan sana'a mun san sunan kayanmu faɗi-ka-mutu, amma kash, sani bai rage min komai ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ranar da ta zaɓa. A yarenmu kalmar fashewa da kalmar shekara amonsu ɗaya, don haka in abu ya fashe ranar biki dole a yi maza a mai da shi fatan alheri. Kafin in buɗe baki, surukata Qiuyun, matar ɗana, ta tafa hannu.

"Shekara lafiya! Baba, faɗi mana, kada tsiya ta shigo gidan!"

Na faɗa. Har haƙora na buɗe. Maƙwabcina Tu, mai hura wutar gashin tangaran, ya buga min kafaɗa.

"Kai Tsoho Nie, ka saki kifayen nan su sha iska! Bana gidanka sai arziki."

Na kai gawar wurin Zha, mai ɗinke fasassun kwanuka da ƙusoshin tagulla. Ya juya ɓaraguzan ya girgiza kai.

"Yaya, gindi da hannu zan iya haɗawa. Kifayen kuwa sun zama gari. Me zan ɗinka?"

Ta rasu ta bar murfi, da kofuna uku waɗanda ba jininta ba ne, na kasuwa ne, da tsoho ɗaya wanda ko layi ba ya iya ja.

An riga an naɗe ta a jar takarda bisa al'ada, tana kwance a ƙarƙashin teburin da muke girmama kakanni. Rana ta biyar ga wata za a kai ta kogin Chang a jefa. Ba a karɓar ta'aziyya, Qiuyun ta ce babu kyau a watan biki, kowa ya zo da fara'a.

Roƙona ɗaya ne. Duk wanda yake da kofi ko faranti mai jan hatimina na Nie a gindi, ko da mai tsagewa ne, ya taimaka ya zo da shi bakin kogin. Ba saya zan yi ba, ba kuma zan taɓa ba. Shi zai riƙe, ni in duba.